Ganuwar Ƙwaƙwalwa da Ciwon Shanyewar Ɓarin Jiki

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda da wuya a sami unguwar da bai taɓa shiga ba, watau shanyewar ɓarin jiki.

Kowa ya san yadda yakan zo. Mutum ya fito da safe lafiya lau, ya shimfiɗa hajarsa a kasuwa, yana cikin awo sai mudu ya suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi magana, harshe ya karye, baki ya karkace gefe guda, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Jama'a su taru, wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce jifa ne. A kai shi gida, a aika kiran malam, a aika kiran wanzami. Sau da yawa ba a zancen asibiti sai an kwana biyu ko uku, alhali kuwa daga Bodinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ba a yin sa'a guda a mota, daga Shagari ma abin bai fi kamar sa'a ɗaya ba. To, abin da ke gudana cikin kan wannan bawan Allah a waɗannan sa'o'in da ake zaune ana jira, shi muke so mu bayyana.

Ku sani ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Tsoka tana da ɗan guzurin da take ajiyewa, ita kuwa ƙwaƙwalwa hannu baka hannu ƙwarya take: abin da jini ya kawo mata yanzu na sukari da iska, shi za ta ci yanzu. In jini ya yanke, cikin 'yan mintoci ƙwayoyinta su fara mutuwa. Yankewar kuwa iri biyu ce, ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta tare da abokan aikinsa a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya fito a 2018. Cikin masu ciwon 2,118 da aka duba, kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Maganarmu ta yau ta fi ƙarfi a kan toshewar.

Kowace jijiyar jini tana da shafi daga ciki, kamar yadda maɗinki ke yi wa babbar riga. Likitoci na kiransa endoteliyam. Ƙwayoyin halitta ne shimfiɗaɗɗu, jeri ɗaya tak, sun fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. A sauran jiki akwai 'yan kafofi tsakaninsu, abin da ke cikin jini yakan tsiyaya ta nan ya shiga nama. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa an ɗinke bakin kowace ƙwaya da na 'yar'uwarta gam, babu kafa. Abin da zai shiga sai ya bi ta ƙofa, ƙofar kuma tana da mai tsaro: sukari ya wuce, iska ta wuce, guba da ƙwayoyin cuta da yawancin magunguna a tsai da su waje. Ganuwa ke nan, sai dai ba a kewayen gari take ba, tana bin kowace hanya da kowane lungu. Masana sun ƙiyasta in da za a miƙe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya a haɗa su baki da baki, tsawonsu zai kai kimanin kilomita 600.

Yadda aka gano wannan ganuwa zai yi wa marina daɗin ji. A 1885 wani likitan Jamus, Paul Ehrlich, ya ɗura ruwan rini cikin jinin dabbobi. Da ya buɗe su sai ya ga hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk sun rinu, ƙwaƙwalwa kaɗai ta tsaya fara. A 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba shuɗin rini cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki, sai ita ta yi shuɗi, sauran jiki bai rinu ba. Nan aka tabbata akwai shamaki tsakani. Amma ba a san ainihin inda yake ba sai 1967, sa'ad da Thomas Reese da Morris Karnovsky a Amurka suka duba da madubin lantarki, suka ga ɗinkin nan da ke tsakanin ƙwayoyin shafi shi ne shamakin.

Yanzu sai mu koma ga mai awon nan da muka bari kwance. Da gudan jini ya toshe jijiya, yankin ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar wurin yakan mutu da sauri, babu dabarar da za ta komo da shi. Amma a kewayensa akwai wani yanki mai faɗi wanda ke samun ɗan yayyafin jini daga jijiyoyin maƙwabta. Ya daina aiki, bai kuwa mutu ba, suma ya yi. Likitoci uku, Astrup da Siesjö da Symon, su suka bayyana wannan yanki a 1981, kuma duk ƙoƙarin da ake yi a asibiti domin cetonsa ake yi. Kowace sa'a mataccen wuri yana ƙara cin sumammen. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006, ya ce in babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 kowane minti ɗaya. Ɗan kasuwa ya buga wannan da mintocin yini guda ya ga abin da zai samu.

Mai hankali zai ce, to, ai magani a fili yake, a buɗe hanya jini ya komo. Haka ne, amma a nan gizo ke saƙar. Manoman rani da ke aiki da ruwan madatsar Shagari, da masu lambu a fadamun Bodinga, sun san halin magudanar ƙasa. In ruwa na bin ta kullum, bakinta yana nan daram. In aka datse ruwan rana ta gasa ta, sai ta tsattsage, ran da aka sako ruwa da ƙarfi kuwa sai ya bi tsagar ya ci gefe, ya kwashe shuka, maimakon ya shayar da ita. Haka shafin jijiya yake. Shi ma rayayye ne, shi ma da jinin yake ci. In yunwa ta daɗe a kansa, ƙwayoyinsa su kumbura, ɗinkin da ke tsakaninsu ya fara warwarewa. Ran da jini ya komo, iskar da ya kawo ta iske ƙwayoyin sun jigata ba su iya sarrafa ta yadda ya kamata, sai wani sashe nata ya rikiɗa ya zama ɓurɓushi mai cin jikin ƙwaya kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Shafin da ke da santsi a da ya yi kaushi da danƙo, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta ne, su manne masa, su saki wasu sinadarai masu cin gindin ganuwa kamar gara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan jini ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗawa. Shi ya sa za ku ga majiyyaci ya kwana biyu kamar da sauƙi, a na uku ko na huɗu barci mai nauyi ya ɗauke shi, domin a tsakanin kwana na biyu da na biyar kumburin ya fi tsanani. Wani lokaci sai likitocin tiyata sun ɗebe wani ɓangare na ƙashin kai domin ƙwaƙwalwa ta sami sarari. Asibitin koyarwa na Sakkwato yana da cibiya ta musamman ta tiyatar ƙwaƙwalwa. In tsagar ta yi yawa kuwa, jinin kansa ke fita, toshewa ta zama fashewa.

Akwai kuma wani abin mamaki wanda aka gano da tawada. A 1968 Adelbert Ames da abokan aikinsa a Amurka suka datse jinin ƙwaƙwalwar zomaye na 'yan mintoci, suka sake shi, sa'an nan suka ɗura baƙin ruwa na garin gawayi, ɗan'uwan tawadar da almajirai ke dafawa, domin su ga inda zai kai. Sai suka iske wurare da dama sun tsaya fari fat, tawada ba ta shiga ba. Watau babbar hanya ta buɗe, amma ƙananan lunguna sun rufe. A 2009 Turgay Dalkara da mutanensa a Ankara ta ƙasar Turkiyya suka nuna a jikin ɓeraye cewa akwai wasu ƙwayoyi da ke rungume da ƙananan jijiyoyin daga waje, in yunwar jini ta same su sai su matse jijiyar su ƙi saki, ko da an cire gudan jinin. Ayari ya iso ƙofar gari, amma kaya ba su kai gidajen masu su ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa maganin narkar da gudan jini yake da wa'adi. A 1995 aka tabbatar a Amurka cewa allurar altefilas tana taimako in an yi ta cikin sa'a 3 da farawar ciwo, a 2008 wani gwaji a Turai ya ƙara wa'adin zuwa sa'a 4 da rabi. Ko a cikin wa'adin ma, a gwajin 1995 kimanin mutum 6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun sami zubar jini a ƙwaƙwalwa, waɗanda ba a yi wa ba kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Duk da haka ribar ta rinjayi asarar. In aka makara, shafi ya riga ya ruɓe, haɗarin ya ƙaru amfanin ya ragu. Daga 2015 kuma aka tabbatar da wata dabara ta zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin kai a jawo gudan jinin, a 2018 aka nuna wasu zaɓaɓɓun majiyyata na amfana da ita har zuwa sa'a 24. Waɗannan ayyuka suna da tsada ƙwarai, asibitocin da ke yin su a ƙasar nan kaɗan ne, ba za mu ɓoye muku wannan ba.

To, ina maganin da zai tsare shafin kansa, a sha ko a yi allura ganuwa ta tsaya? Shekaru da yawa ke nan masana na nemansa. A 2006 wasu masu bincike a Ostareliya suka ƙirga magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada domin kare ƙwaƙwalwa daga wannan ɓarna, yawancinsu a jikin dabbobi, 114 daga ciki suka kai ga mutane. Wanda aka fi sa wa rai, mai lamba NXY-059, wanda aka yi domin kame ɓurɓushin iskar nan mai cin ƙwaya, an gwada shi a kan mutum fiye da 3,000, a 2007 sakamako ya fito babu wani amfani. Ƙasar Japan ta yarda da wani mai irin wannan aiki, edarabon, tun 2001, amma ƙasashe da yawa ba su ɗauke shi domin wannan ciwo ba. A ganinmu dalilin faɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Ɓeran da ake gwaji da shi matashi ne mai lafiya, ana ba shi magani cikin mintoci, likita na tsaye a kansa. Mutumin da ake kawowa asibiti kuwa dattijo ne wanda hawan jini ya shekara ashirin yana cin jijiyoyinsa, ya kuma iso a makare. Har wa yau masanan farko sun zuba ido ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kaɗai, suka manta da hanyar da ke ciyar da su. Tun daga farkon shekarun 2000 aka gyara wannan tunani, aka koma duban jijiya da shafinta da ƙwayoyin da ke kewaye da ita a matsayin gida ɗaya. Ana nan ana gwaje-gwaje. Saboda haka in kun ji mai lasifika a bakin kasuwa yana cewa kwalbarsa tana tayar da shanyayye cikin kwana bakwai, ku riƙe kuɗinku.

Abin da aka tabbatar yana tsare shafi ya fi wannan araha, sai dai ba shi da armashin talla. Na gaba duka shi ne riƙe hawan jini. Lafiyayyen shafi yana fitar da wata iska da ke sa jijiya ta saki jiki, ta kuma hana jini daskarewa a bangonta. Robert Furchgott ya fara gano alamar wannan a 1980, shi da wasu biyu suka sami lambar Nobel a kansa a 1998. Hawan jini da ciwon sukari da hayaƙin taba su ke kashe wannan aiki sannu a hankali, ba zafi ba ciwo, har bango ya yi kauri ya yi tauri. Binciken SIREN ya nuna wajen kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankinmu ana iya jingina shi ga hawan jini. A Sakkwato ma, a 2004 likitoci biyu, Njoku da Aduloju, sun wallafa nazarin majiyyatan shekara biyar na asibitin koyarwa, hawan jini ne ya zo kan gaba. Awonsa ba ya cin minti biyar. Wanda awonsa ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, ya ga likita, in an ɗora shi kan magani kada ya bari don ya ji garau. Jin garau ɗin aikin maganin ne. Mun san attajirai da ba za su kwana ba su ƙirga cinikin yini ba, amma su shekara ba su auna jininsu ba.

Wannan bincike ya kuma sami cewa masu cin ganye kullum ciwon bai cika kama su ba, masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa da masu yawan cin nama kuwa ya fi samunsu. Zogale da rama da alayyafo da yakuwa ba baƙi ba ne a Sifawa ko Kajiji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, watau kamar ƙaramin cokalin shayi, a haɗa har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Kada kuma a ɗauka ciwon tsofaffi ne kaɗai. Yaro mai sikila, jajayen ƙwayoyin jininsa masu siffar lauje kullum suna karce shafin jijiyoyinsa, har manyan hanyoyin ƙwaƙwalwa su ƙuntace. Binciken Amurka na 1998 ya nuna kusan 11 cikin 100 na irin waɗannan yara sukan sami shanyewa kafin su cika shekara 20. A nan Kano ta yi abin yabo. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, irin su Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun riƙa auna gudun jini a kan yara da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen goshi, ba yanka ba allura. Wanda gudun jininsa ya yi yawa, alamar hanya ta ƙuntace, sai a ɗora shi kan maganin haidiroksiyuriya. A gwajin da suka wallafa a 2022, na yara 220 a Kano da Kaduna, ƙaramin awo na maganin ya yi aiki daidai da matsakaici, shanyewa kuma ta yi ƙaranci ƙwarai bisa ga abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba. Malamin da ke da almajiri mai sikila ya gaya wa iyayensa su tambayi likita wannan awo.

Ko bayan ciwo ya auku, ko da babu allurar nan mai tsada, asibiti na da abin yi. Zazzaɓi da hawan sukari suna hura wutar ɓarnar shafi. A 2011 aka wallafa wani gwaji daga asibitoci 19 na Ostareliya, inda aka umurci ma'aikatan jinya su kula da abu uku a kwanakin farko: su sauke zazzaɓi, su daidaita sukari, su gwada haɗiyar majiyyaci kafin a ba shi komai ta baki. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka zama sai an ɗauke su an ajiye sun kama kashi 42 cikin 100, a inda ba a bi wannan tsari ba kuwa kashi 58. Babu sabon magani ko ɗaya cikin wannan.

A nan ne maganar ta iso gare ku, malamai, domin ku ake fara kira, kuma abin da kuka ce shi iyali za su yi. Ba wanda ya ce a bar addu'a, ana yin ta a cikin mota. Amma ku sani ciwon nan sau da yawa yakan shanye maƙogwaro tare da hannu, abin da aka ɗura wa majiyyaci, ko ruwa ne ko kunu ko rubutu ko jiƙo, sai ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu ya zama ciwon da ke kashe mutane da yawa a makon farko. Kada a ba shi komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa. Kada a ba shi asfirin, domin ido ba ya rarrabe toshewa da fashewa, sai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, asfirin kuwa ga mai fashewa ƙarin zuba ne. Kada kuma a tara masa ƙwayoyin hawan jini don an auna an ga ya hau. A wannan lokaci ƙarfin jinin ne ke tura ɗan yayyafin da sumammen yankin ke rayuwa da shi, saukar da shi aikin likita ne. Tsaga da ƙaho ba su kai ga gudan jinin da ke cikin ƙoƙon kai. Wanda kuma bakinsa ya karkace ko hannunsa ya mutu na ɗan lokaci sa'an nan ya warware da kansa, shi ma a kai shi ran nan, domin babbar takan biyo baya cikin 'yan kwanaki.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ke da motoci, ku ke da kuɗin hannu a lokacin da iyali ke neman na mai. A kwantar da majiyyaci bisa gefensa, a sassauta masa wuyan riga, a ɗauki magungunan da yake sha a tafi da su, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton. Tambayar farko da likita zai yi ita ce, yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe? Wanda ya kwanta bayan Isha'i aka iske shi shanye da Asuba, daga Isha'i ake ƙirga masa. Saboda haka a tafi da mutumin da ke wurin sa'ad da abin ya faru, wanda zai iya cewa kafin kiran Azahar ne ko bayan an sallame.